Ƙishirwar Adawiyya

Adawiyya ba ta taɓa shan ruwa ta ƙoshi ba. Wannan ba ƙarin gishiri ba ne irin na masu ba da labari. Duk wanda ya san ƙauyensu, can bayan Garhanga inda gidaje suka jingina da gindin dutse, zai shaida. Rijiyar garin takan riƙe ruwa har tsakiyar rani, daga nan ta fara rowa, kafin bazara ta kankama sai a jefa guga a jawo laka. Sai mata su ɗauki bido, jarkokin nan na roba, su gangara ƙorama inda ake tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsatso. Ruwan da aka samo da irin wannan wahala yana da masu shansa bi da bi: maigida, baƙo, yara, akuya mai shayarwa, tukunyar tuwo, butar alwala. Macen da ta ɗauko shi a ka ita ce ta ƙarshe, kuma ba wanda ya ce mata ta zama ta ƙarshe, ita ta ajiye kanta a can.

Uwarta Furera ta koya mata abu biyu tun ba ta kai ɗaurin ƙirji ba. Na farko, a kurɓi ruwa a ajiye moɗa, don akwai na baya. Na biyu, ɗiya mace ba a ganin ta da buta da rana tsaka. In fitsari ya matsa, a riƙe har ido ya ragu. Yarinyar ta ɗauki karatun da kyau, har ta fi malamarta. Da dangin Rabe suka zo neman aurenta, abin da aka yi ta faɗa a garin ke nan: yarinya ce mai kunya, ko tarinta ba ka ji. Ni dai na gaji da irin wannan yabo, don mai yin sa ba ya asarar komai, wadda aka yaba ita ke ɗaukar kayan.

Tana son Rabe, shi ma yana son ta. Dogo ne mai wushirya, mai dariya tun kafin ya kai ƙarshen labarinsa. Sai dai kamar sauran mazan Adar, shi baƙo ne a gidansa. Da an ɗaure damin ƙarshe ya saɓa jaka ya nufi Abijan, inda yake tallan takalma, ba a sake ganin sa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. To ka lissafa da kanka. Cikin da ya shiga da marka, yaushe zai yi nauyi? Da bazara, daidai lokacin da rijiya ta ƙafe, miji ba ya nan, rana kuma tana dukan ƙasa kamar da gayya. Ba Adawiyya kaɗai ba, rabin matan garin haka za ka gan su a hanyar ƙorama, tulu a ka, tulu a gaba.

Cikinta na fari kunya ta cinye shi. Da ta fara jin zafi in ta tsuguna, ba ta gaya wa kowa ba, don mai cikin fari ko cewa tana da ciki ba ta yi, balle ta ambaci fitsari. A wata na bakwai zazzaɓi ya kayar da ita, bayanta ya riƙe, ta haifi ɗa namiji ba rai. Mata suka cika ɗakin suna cewa in ruwa ya zube ya bar tulu ai da sauƙi. Ta sunkuyar da kai ta karɓi gaisuwa.

A na biyu ta yi ƙarfin hali ta gaya wa surukarta Kulu. Kada kowa ya ɗauka Kulu muguwar tsohuwa ce. 'Yar ƙaramar mace ce mai saurin hawaye, wadda takan ɓoye wa Adawiyya ɗan ƙuli-ƙuli a bakin zane kamar ita ta haife ta. Da ta ji bayanin, fitsari kaɗan-kaɗan, da zafi, da kauri kamar ruwan tsari, sai fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi, zaƙi na, ɗiyata. Zaƙi na ka hita. Ki bar shi shi hita duka."

Abin da Kulu ta gada ke nan daga uwarta, ita ma daga tata. Wai duk abu mai zaƙi da mai ciki ta ci yana taruwa a mararta, in bai fita ba kafin naƙuda sai ya tare wa ɗa hanya. Saboda haka ake ba mai ciki jiƙo mai ɗaci da ɗan kanwa don a kore shi, kuma duk abin da ya zubo daga jikinta murna ake yi da shi. Adawiyya ta sha jiƙon ɓawon maɗaci har harshenta ya daina gane ɗanɗanon miya. Da watan ya zagayo, zazzaɓin nan ya zo, bayan nan ya riƙe. Wannan karon mace ce. Ta yi numfashi kaɗan, ta motsa hannu, kafin surukinta Gado ya dawo daga kasuwar Tamaske ya yi mata huɗuba har an naɗe ta a ƙyalle. 'Ya'ya biyu ke nan a ƙasa, babu wanda ya samu suna. A bakin rijiya aka fara raɗa kalmar wabi, kuma Adawiyya ba kurma ba ce.

Ciki na uku ya zo a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Abin da aka zuba a rumbun Gado ko rani ba zai ƙetare ba, saƙon Rabe kuwa sai a yi ta sa ido. Ana haka wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, ya kawo aikin fako. A saman dutsen garin akwai fili shimfiɗaɗɗe da ya mutu tun zamanin kakanni, ƙasa ja mai tauri da tsakuwa. Maza su haƙa ramuka masu siffar rabin wata da diga, mata su kwaso duwatsu a tasa su jera a bakin ramin, don in damina ta zo ruwa ya tsaya ciyawa ta fito. Ƙarshen mako a auna wa kowa hatsi. Gado ya ɗauki digarsa duk da gwiwar da ke damun sa. Shef, wato shugaban aikin, ya faɗa a fili cewa ba a ɗaukar mai ciki, sai Adawiyya ta ɗaure zane tamau ta zumbula hijabi mai faɗi ta shiga layi. Matan duk sun sani, ba wadda ta buɗe baki, don kowace ta san abin da ke cikin rumbun 'yar uwarta.

Wanda bai hau fako ba ba zai gane ba. Babu itace, babu sabara, babu ko tudun gara da ya kai gwiwa. In akuya ta tsaya a wancan ƙarshe kana iya faɗin launinta. Namiji in ya matsu sai ya ɗan taka gaba, ya juya baya ya tsuguna, ba wanda ya kula. Mace fa? Sai ta ja 'yar uwarta su yi nisa, ɗaya ta ware zane ta tare, kuma zanen nan da aka ɗaga sama shi kansa shela ne, duk mai ido ya san abin da ake yi a bayansa. Wasu matan sun saba, su yi abinsu su dawo suna zagin samari masu ƙyalƙyala. Adawiyya kuwa layinta yana maƙwabtaka da na Gado, mutumin da ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, in ya shigo gida sai ta durƙusa ta kau da kai. Sai ta koma ga karatun uwarta. Da asuba ta jiƙa baki kawai, a kan fako in an miƙo mata bido ta ce ta sha. Amma marar mai ciki ba ta san kunya ba, ko ba a ba ta ruwa ba sai ta matsa. Haka za ta riƙe tun hantsi har a tashi da azahar, tana ɗaukar dutse tana cije leɓe. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Adawiyya ta ɗauki duwatsun da za su gina gari, ban ga romon ba.

Ranar da zafin ya dawo ta gane shi nan take, kamar yadda ake gane takun ɓarawon da ya taɓa shigowa gida. Ɗigo kaɗan, launin shayi mai kauri, da raɗaɗi kamar an zuba barkono. Ta daɗe tsugune a makewayi, hannunta a kan cikin, tsoro ya cika ta har tana jin sa a haƙoranta. Ta san hanyar nan, ta bi ta sau biyu, ta san inda take ƙarewa. Abin da take so a duniya bai wuce ɗaya ba, wannan ya zauna.

Ran kasuwa ta ce wa Kulu za ta sayo gishiri, ta zarce likita, wato ɗan ƙaramin asibitin da ke wurin. Ba ta taɓa zuwa awo ba. Ungozomar likitan, wadda ake kira sajfam, wata Sa'ida ce mutuniyar Madawa, mace mai faɗa da baki amma hannunta da taushi. Mata sun cika baranda, ita kaɗai ce a kansu. Da layi ya zo kan Adawiyya sai da aka tambaye ta sau uku kafin maganar ta fito, ita ma da ƙyar.

"Tun yaushe?" in ji Sa'ida.

"An kwana biyu."

"Ku dai kullum an kwana biyu. Amshi wanga, ki shiga can ki kawo min."

Ta miƙa mata ɗan kofin roba. Abin da Adawiyya ta iya kawowa bai rufe gindin kofin ba. Sa'ida ta tsoma wani ɗan tsinken takarda, ta jira, launinsa ya juya, ta girgiza kai. Ta yi mata bayani a gajarce. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanyar fitsari. Mai ciki ta fi kowa saurin kamuwa, wata ma ba ta jin komai sai an auna. In an bar su sukan hau sama su kama ƙoda, su kawo zazzaɓi, zazzaɓin kuma yana iya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Ta ba ta ƙwayoyin magani na mako guda.

"Sahe da marece, har su ƙare. Ko kin ji zahin ya tahi, kak ki bari. Kin jiya? Kuma ki sha ruwa, ki sha, ki ƙara sha, har hitsarinki shi yi hwari. In ya matsa ki tashi ki yi, kak ki riƙe ko kaɗan."

Adawiyya ta juya ƙwayoyin a hannunta. Sai ta ce a hankali, "Babu allura, wadda za a yi sau guda a gama?"

"Allura ba ta sha miki ruwa, 'yar uwa." Sa'ida ta kama hannunta ta juya tafin, ta ga kantar da dutse ya yi masa. "Aikin hwako kike? Da cikin ga? Ki bar shi."

Adawiyya ta ce to. Irin to ɗin nan ce da ake faɗa don a samu hanyar fita. A hanyar komawa har wata dariya mara daɗi ta kuɓuce mata. Maganin da aka ce ya fi sauƙi, wanda ko saye ba a yi, a sha ruwa a yi fitsari, shi ne ya fi ƙarfinta.

Ba ta iya ɓoye wa Kulu abu, don haka da marece ta kwance bakin zane ta nuna mata ƙwayoyin. Tsohuwar ta dafe ƙirji. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Kuka ta sa.

"Wancan karon zaƙin bai gama hita ba, shi yas sa munka rasa ta. Yanzu ya kamo hanya, za ki toshe shi da ƙwayar likita? In ya tsaya ciki, ɗan ga ta ina za shi bi? Ki tausaya min, ɗiyata, ba ni iya ganin na ukku."

Gaba kura, baya siyaki. Mata biyu, kowace so take ɗan ya rayu, kowace ta rantse cewa hanyar ɗayar ce mutuwa. Adawiyya ta yi abin da ta saba yi duk rayuwarta, ta nemi kada ran kowa ya ɓaci. Ta sha ƙwayoyin har raɗaɗin ya lafa, ta ƙulle sauran a bakin zane, ta koma wa jiƙon Kulu.

Maganar ruwa ma ta gwada, kada a ce ba ta gwada ba. Wata safiya ta cika moɗa ta shanye, ta ƙara. Kafin rana ta ɗaga sosai ta ji kamar mararta za ta tsage. Ta ja wata maƙwabciyarta suka yi nisa, aka ɗaga zane. Tana tsugune ta jiyo dariyar samari, wataƙila ma ba da ita suke ba. Da ta miƙe sai ta hango Gado ya sunkuyar da kai ya juya fuskarsa gabas, ya tsaya haka har ta dawo layi. Kirki ne ya yi mata, amma ita abin da ta gani shi ne ya sani. Daga ranar ta koma wa ƙishirwarta.

Kwanaki suka ɗan yi mata daɗi. Zafin ya tafi, ɗan yana harbi, har ta fara yi masa magana a zuci in tana hawan dutse, tana cewa ka daure, saura kaɗan, hatsin nan don kai ne. Rabe ya kira a wayar Gado, tsohon ya miƙo mata ya tsaya a gefe yana jira. Me za ta ce a gabansa? Ta ce lafiya lau, kowa lafiya, awaki ma lafiya.

Ciwon bai tafi ba, hawa ya yi. Wata rana ana tsakiyar aiki, rana tana tafasa ƙwaƙwalwa, Adawiyya ta ji sanyi ya kama ta. Haƙoranta suka fara kaɗawa. Gefen bayanta ya sara kamar an kafa mata diga. Ta ce a ranta bari in kai wannan tasar in zauna. Ta sunkuya, ta ɗaga, sai ta ji ruwa mai ɗumi ya bi ƙafafunta har ƙasa. Tasar ta faɗi, duwatsu suka watse. Ta durƙushe a wurin ta ja hijabi ta rufe har fuskarta.

Yana yi mini ciwo in faɗa, amma gaskiya ce: abin da ya fara zuwa ranta ba ɗan ba ne. Abin da ya zo mata shi ne ta yi fitsari a tsaye gaban surukinta da mazan gari. Mata suka kewaye ta suna ta tashi, ta ƙi, tana roƙon su da Allah su bar ta har kowa ya watse. Sai wata dattijuwa ta taɓa zanen ta sansana hannunta.

"Wanga ba hitsari na ba. Ruwan haihuwa na. Ku nemo sharet!"

A nan ne Adawiyya ta yi ƙara, ƙarar da ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. Gado ya yar da diga. Ya warware rawaninsa ya miƙa ta baya ba tare da ya waiwaya ba, don a lulluɓe ta, sa'an nan tsohon da ke jan ƙafa ya ruga da gudu wajen sharet ɗin, amalanken jakin da ake jido da shi. Aka zubar da duwatsun aka ɗora ta. Hanyar gangarowa duk tsakuwa ce, kowane karo sai ta ji shi a ƙodarta. A bakin gari Kulu ta tare su ba takalmi, ta hau ta rungume kanta, tana addu'a tana kuka har likita.

Sa'ida ba ta yi faɗa ba wannan karon. Ta taɓa goshinta, ta ɗaura mata ƙarin ruwa, ta yi mata allura, ta kira motar babban asibiti aka ce ta tafi kai wata mara lafiya, sai gobe. Ko da motar ta zo ma naƙudar ta riga ta yi nisa. Wajen magariba aka haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, fatarta kamar ta ɗan tsako, kukanta kamar na kyanwa. Amma ta yi kukan. Sa'ida ta goge ta, ta kwantar da ita a ƙirjin uwar fata da fata, ta ɗaure su tare da zane, ta ce ɗumin jikinki shi ne ɗakinta yanzu, kada a cire ta.

Gari ya waye tana numfashi. Adawiyya, da zazzaɓi bai sake ta ba, ta lalubo bakin zanenta na jiya ta kwance ƙullin. Ƙwayoyin da suka rage suka zubo a tafinta, sun ɗan narke da gumi. Ta miƙa wa Sa'ida.

"Ban gama su ba."

"Na sani," in ji Sa'ida.

"Waɗancan biyun, su ma da zahin ga anka hwara. Da zazzaɓin ga. Shi na?"

Sa'ida ta daɗe tana gyara robar ƙarin ruwan da ba ta bukatar gyara. "Ban gan su ba, ba ni iya rantsuwa. Amma yadda kike hwaɗi, ya yi kama."

Adawiyya ta dubi 'yan ƙwayoyin. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar wake ba. Kulu, da ke tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu, ta ji komai. Ta ajiye kwanon a hankali, ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe kanta da mayafi. 

Da rana ta take, numfashin jaririyar ya fara tsallake. Ta ja, ta tsaya, sai uwar ta ɗan girgiza ta, ta sake ja. Sa'ida tana shiga tana fita, tana duba hanya ko motar ta ɓullo. Adawiyya tana jin kowane tsayawa a cikin ƙashin ƙirjinta, kuma ta san abin da take ji.

"Inna, a kira Baba."

Kulu ta matso da jajayen idanu. Ta ce a bari a ga kwana bakwai tukun, kafin nan a riƙa ce mata Ayashe, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan wabi, don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ita ba ta wuce.

"A'a, Inna. An damu da ita."

Ba ta taɓa ce wa Kulu a'a ba. Ba ta jira a aika ba kuma. Ta juya kai wajen taga, inda ake hango Gado zaune a gindin itacen bedi tun jiya, ta ɗaga murya.

"Baba! Baba, ka taho!"

Matan baranda suka waiwayo. Tsohon ya taso yana ɗingishi, ya tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, wurin da namiji ba ya shiga, idonsa a ƙasa.

"Ka shigo, Baba. A raɗa mata suna. Yanzu."

Ya ɗago ya dube ta, ita ma ta dube shi, karo na farko tun da aka kawo ta gidansa. Ya cire takalmi ya shigo. Sai ya yi tambayar da ba a saba yi wa uwa ba.

"Wane suna kike so?"

"Fatiha."

Ba a iya ɗauke jaririyar daga inda take. Dole Gado ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya kai bakinsa dab da ƙirjin surukarsa, inda ɗan kunnen yake. Ba wanda ya kau da kai. Ya yi kiran salla a hankali, ya yi addu'a, ya faɗa mata sunanta. Kulu ta ce amin daga ƙasa inda take zaune.

Fatiha ta kai la'asar, ba ta wuce ba. Motar ta iso bayan an riga an kwance zanen da ya ɗaure su.

Ba su tafi da Adawiyya nan take ba, ta ce sai an kai 'yarta. Gado ya ɗauke ta a hannunsa, naɗe cikin farin ƙyalle, ya tafi da maza biyu. Da ya dawo wayarsa tana ƙara a aljihu, Rabe ne, labari ya riga ya kai Abijan. Tsohon ya miƙa mata, ya fita, ya yi nisa har bayan katanga.

Muryar Rabe ta zo tare da hayaniyar motoci. Ya ce ta yi haƙuri, Allah ya ba su mai tsayawa. Ya ce tun da ita tana da rai ai da sauƙi, abin nan da ya faru kuma a bar wa Allah.

"Tana da suna," in ji Adawiyya. "Fatiha."



"Ka hwaɗi sunan, Rabe. Ɗiyarka ta."

Ya faɗa. Bai kai ƙarshensa da kyau ba muryar ta karye, sai ta ji shi yana kuka a tsakiyar kasuwar mutane, kuka sosai irin na yaro. Ta riƙe wayar a kunne tana saurare, ba ta ce masa ya yi haƙuri ba.